Maigatari da Iyakar da Ba Mu Muka Shata Ba

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga raƙuma da shanu suna kwararowa daga Dungas da Magarya, zai yi wuya ya iya rarrabe ɗan Nijeriya da ɗan Nijar, domin harshe ɗaya ne, auratayya kuwa ta riga ta cuɗa mu. To, yaya aka yi iyaka ta ratsa tsakaninmu, kuma wa ke shan wahala duk lokacin da manya suka yi rigima a kanta?

Tun fil'azal ƙasar Gumel a tsakanin manya ta tashi. Ba ta shiga Daular Usmaniyya ba, Barno take bi, ga Haɗeja a gefe guda, ga Damagaram daga arewa. Tsohuwar hedkwatarta ma, wato Tumbi, yau a cikin Nijar take. Da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya biyo ta Gumel a 1851, ya tarar da kasuwa tana ci, musamman ta kanwa. Ashe ke nan fatauci ya girmi iyaka.

Turawa ne suka kawo sabon salo. Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila ta karɓi Gumel a 1903. Amma tun a 1890 suka fara raba ƙasar a takarda, can a Turai, suka yi ta gyara rabon a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka. Ba a tambayi manomin Maigatari ba, ba a tambayi na Dungas ba.

Da guguwar 'yancin kai ta taso ma, hannun baƙi bai janye ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi Nijar ta rabu da Faransa nan take. Hukumar mulkin mallaka ta sa ƙarfinta duka har suka sha kaye, aka haramta jam'iyyar a 1959, wasu 'ya'yanta suka tsallako Kano wurin 'yan'uwansu na NEPU. Nan muka fara ganin yadda ake yabon ƙuri'a da baki, amma a murɗe ta idan ba ta yi wa mai ƙarfi daɗi ba.

Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Muhammad Bazum. ECOWAS ta yi barazanar yaƙi da sunan kare dimokuraɗiyya, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Kasuwar Maigatari ta yi sanyi, dillalai da direbobi da 'yan dako suka shiga wani hali, alhali ba su gama farfaɗowa daga rufewar 2019 zuwa Disamba 2020 ba. Sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka ce a'a ga yaƙi, domin sun san harsashin da aka harba Damagaram zai iya faɗawa kan dangi. Sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Me aka samu? Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka a 2024, masu horarwa daga Rasha suka iso a Afrilun shekarar, Nijar kuma ta bar ECOWAS a Janairu 2025. Ba a maido da Bazum ba, baƙo ne kawai ya canji baƙo.

Ba muna wanke juyin mulki ba ne, domin mu ma mun ɗanɗani mulkin soja, mun san ɗacinsa. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, dimokuraɗiyyar da za a kare ta hanyar toshe abincin talaka ba za ta samu masoya a bakin iyaka ba.

Saura ga mu marubuta. An rubuta labarin wannan iyaka a Landan da Paris, an rubuta shi a Abuja da Yamai. Har yanzu da sauran wanda za a ji daga bakin dattawan Gagarawa da Sule Tankarkar da fataken Maigatari. Mu je mu same su tun suna raye. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.