Tsiron Ƙarfe a Na'urorin Lantarki: Daga Amurka Zuwa Kudancin Katsina

A shekarar 1955 masana uku na kamfanin tarho na Bell a Amurka, wato Kohman da Hermance da Downes, suka buga bincike a kan wata cuta da ta addabi na'urorinsu. Sun tarar azurfar da ke bakin mahaɗan wayoyi tana barin mazauninta, ta ratsa abin da aka sa don ya raba wayoyin, har ta haɗe su. Sharaɗin abin uku ne: laima, da wutar lantarki mai tafiya hanya ɗaya, da ɗan gishiri-gishiri. Ƙarfen yakan narke a ɓangaren da wuta ke fitowa, ya bi laima, ya daskare a ɗaya ɓangaren, sa'an nan ya riƙa tsiro yana rassa kamar itaciya. Shi ya sa muka kira shi tsiron ƙarfe. Azurfa ta fi saurin yi, amma jan ƙarfe da kuza da dalma ba su tsira ba.

Maganin da masana'antu suka dogara a kai shi ne shafa wa allon na'ura wani siririn fenti mai kama da roba. Sai dai daga baya an gane cewa fentin yana tare ɗigon ruwa ne kawai, tururi kuwa yakan ratsa shi sannu a hankali. In an shafa shi a kan datti, ko gumin yatsa, to tsiron zai yi aikinsa a ƙarƙashi, inda ba mai gani.

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, zamanin rediyo mai batir bai sha wannan wahala sosai ba, domin wayoyin cikinsa suna da tazara. Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ita ta sauya lissafi: tazarar wasu mahaɗanta ba ta kai rabin milimita ba. Ga ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta, ga daminar wannan yanki, wadda ta fi ta arewacin jihar nauyi, tana zuwa ta jiƙa ta. A ganinmu, yawancin abin da masu gyara ke kira "ruwa ya shiga" yana buƙatar a sake dubansa, don sau da yawa wayar ba ta taɓa faɗawa ruwa ba.

Wanda ya ga watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a waɗannan ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, ya san abin da mutuwar waya take nufi ga mutumin ƙauye da dare.