Dokin Hanya

'Yan'uwa ɗalibai, da an ce doki sai hankalinmu ya tafi hawan Salla. Ni kuwa dokin hanya nake nufi, irin wanda ya sha turbar Zariya zuwa Kano ta Bebeji, inda Bature Clapperton ya ratsa a 1826.

Horonsa daban ne, masu saninsa kuwa sai ƙarewa suke. Da ragama ake fara jan dukushi kafin ya ɗanɗana linzami, sa'an nan a ɗaura masa sirdi ba mahayi. A riƙa kilisa da shi bayan tsohon doki, ta rafi da duwatsu, har ya bar firgita. Ai zamanin harin Ningawa, dokin da ya yi tutsu a dajin Falgore ya miƙa ubangijinsa ga mahara ke nan.