Yadda na'ura ta cinye ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ

Ka ɗauko hanya daga Babbar Kasuwar Kaduna zuwa Kawo kana karanta allunan shaguna, da wuya ka ga ƙ guda ɗaya. Baki da baƙi duk ɗaya, fada da faɗa haka. Mukan ce sakaci ne. Ni dai na fi ɗora laifin a kan na'ura.

Su waɗannan haruffa ba su daɗe ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma sai a shekarun 1930 masu ƙugiya suka samu gindin zama, Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta yaɗa su a littattafai. Maɗaba'a na iya sa a ƙera mata sabon harafi. Akawun da ke gaban tafireta 'yar Ingila fa? Sai dai ya bi da biro yana lanƙwasawa, ko ya buga k' da d', ko ya ƙyale.

Kwamfuta ta gaji matsalar. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kacal gare shi, na Turanci. Unicode ya ba haruffanmu lambobi tun 1991, amma samun lamba daban, samun maɓalli daban. Wayar salula kuwa har tara take ci: saƙon tes na ɗaukar harafi 160, amma ka saka ƙ ɗaya, sai ya koma 70. Wa zai biya kuɗin saƙo biyu ko uku saboda ƙugiya?

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne Koriya, don tasu matsalar ta fi tamu nesa ba kusa ba. Rubutunsu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, haruffa 24 ne a yau, sai dai ba jera su ake yi ba, cure su ake gaɓa-gaɓa, kuma gaɓoɓin da za su iya fitowa sun kai 11,172. Ba allon da zai ɗauki wannan. Sai aka sa manhaja tsakanin yatsa da fuskar na'ura tana haɗa gaɓar. Wanda ma bai san allon Koriya ba, akwai tsarin da zai buga h, a, n da boko, manhajar ta mayar masa da su gaɓa ɗaya ta Hangul.

To mu ma mun yi rabin wannan aiki ba da saninmu ba. Matasan da ke rubuta "qasa" da "qarfi" a Facebook, dabarar ke nan: aron maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi. Mai juya q ɗin zuwa ƙ ne babu, sai aron ya zauna daram. Yanzu Gboard na da Hausa, ka danne k ka riƙe, ƙ za ta fito. Ƙanwata ta san da haka sarai, kuma jiya ma "ina qofa" ta turo min.