Digirin Larabci: Waɗanne ayyuka ke jiran wanda ya kammala?

A Unguwar Gai ta ƙaramar hukumar Kibiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano, yaro kan riƙe allo kafin ya san boko. Idan ya zarce har ya samu gurbin karanta Larabci a jami'a, tambayar da dangi ke yi masa ɗaya ce: in ka gama, wane aiki za ka yi ban da limanci? Amsar ita ce ƙofofin suna da yawa, sai dai kusan kowace tana neman wata takardar shaida bayan digirin.

Wane irin karatu ne?

Ɗalibi yana nazarin nahawu, sarfu, balaga da adabi tun daga zamanin Jahiliyya har zuwa rubuce-rubucen malaman ƙasar Hausa. Turawa ma suna da makamancinsa, wato nazarin Latin da tsohon Girkanci, wanda Jami'ar Ibadan ke koyarwa tun 1948. Shi Cif Emeka Anyaoku ya karanta kafin ya zama Babban Sakataren ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila daga 1990 zuwa 2000.

A Arewa Larabci ne ke riƙe da wannan matsayi, domin da shi aka rubuta Tarihin Kano da wasiƙun sarakuna da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A cikinta aka fara kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Koyarwa

Ita ce ƙofar da ta fi faɗi: firamare, sakandare, Islamiyyu da kwalejojin ilimi. Amma doka ta tanadi rajista da hukumar malamai ta ƙasa, TRCN, kuma wanda digirinsa bai haɗa da fannin koyarwa ba sai ya ƙara da difloma ta PGDE. Mai son koyarwa a jami'a kuwa sai ya ɗora da digiri na biyu da na uku.

Kotunan Shari'a

Sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya buɗe kujerar alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga wanda ba lauya ba, matuƙar ya riƙe shaidar karatun Shari'ar Musulunci da aka amince da ita na tsawon shekara 10, tare da gogewa a aikin ko shahara a ilimin. A lura, shaidar Shari'a aka ce. Sanin harshe kaɗai bai wadatar ba. Mai son zama lauya kuma dole ya yi digirin shari'a, ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ɗalibin waccan makaranta ta Kano ne.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa

Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa irin waɗannan bankuna kwamitin masana da ke duba dacewar harkokinsu da Shari'a. Wanda ke karanta littattafan fiƙihun ciniki daga tushe yana da fifiko, amma sai ya san lissafin kuɗi. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman da ke koyar da wannan fanni.

Fassara, jarida da jakadanci

Larabci na cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ana aiki da shi a Tarayyar Afirka da ƙungiyar OIC, wadda Nijeriya ta shiga a 1986. Muryar Nijeriya tana da sashen Larabci. Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi na buƙatar tafinta a Makka da Madina. Farfesa Shehu Galadanci, masanin Larabci, ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, sannan ya zama jakadan Nijeriya a Saudiyya. Sharaɗin wannan ƙofa shi ne ƙwarewa a Ingilishi da Hausa, da kuma Larabcin zamani na jarida, wanda ya sha bamban da na tsofaffin littattafai.

Adana tsofaffin rubuce-rubuce

Gidan Arewa da ke Kaduna, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna ajiye da takardun Larabci da ajami. Guraben aiki kaɗan ne, amma masu iya karanta rubutun warash su kuma shigar da shi kwamfuta sun fi ƙaranci.

Abubuwan lura

Mai digiri yawanci yana shiga aikin gwamnati ne a mataki na 8. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma hakan kan faɗa wa waɗanda suka daɗe a tsangaya. Wanda ya yi karatu a Masar, Sudan ko Saudiyya sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa.

Sauran magana tana hannun masu mulki. A 2023 aka sanya hannu kan dokar kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, aikin da ba wanda ya fi cancanta da shi kamar wanda ya san allo ya kuma san boko. Idan 'yan takara suka zo Kibiya ko Rano neman ƙuri'a, matasa na da damar tambayarsu: malaman Larabci nawa aka ɗauka a makarantun yankin, kuma a wane mataki?