Kongo: Wa Zai Koyar da Masu Riƙon Ofis?

Da 'yancin kai ya ƙarato, Jihar Arewa ta wayi gari da ofisoshi barkatai, amma 'yan ƙasa masu ilmin riƙe su ƙalilan ne. Kafin a cike kujerun da Turawa za su bari, tilas a fara samo malamin da zai horar da masu hawansu. Wannan buƙata ce ta raini makarantar Kongo da ke Zariya.

A 1947 aka buɗe ta domin horar da akawuna. A 1954 aka ɗaga darajarta ta zama cibiyar koyar da aikin mulki, inda ma'aikatan En'e da na gwamnati suke zuwa kwas. Malaman farko daga cikin jami'an mulkin mallaka aka fi tsamo su, mutanen da suka koyi aikin a bakin rangadi.

A nan ne Sudan ta shigo labarin. Sam Richardson ya yi Di'o a Sudan kafin ya dawo aiki Arewa, kuma a 1961 aka ba shi shugabancin Kongo. Kafin nan, a 1958, Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya jagoranci kwamitin da ya ba da shawarar gyara tsarin shari'ar Arewa, aka tsara kundin Final Kod bisa samfurin na Sudan. Kongo aka ɗora wa nauyin koya wa alƙalai aiki da shi.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kongo ta shiga ƙarƙashinta. Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ta turo malamai da tallafin hukumar USAID, aka fara karatun digiri, shaidar jami'a kuma ta shiga cikin abin da ake dubawa wajen ɗaukar malami.

A 1967 ragamar ta koma hannun ɗan ƙasa, Mahmud Tukur, mutumin Yola, wanda shi ma ya yi karatu a Pittsburgh. Shi ne ya tsaya a kan cewa ilmin tafiyar da jama'a yana da tushe a gida. Ya yi bincikensa na digirin dakta a kan Daular Usmaniyya, ya nuna yadda rubuce-rubucen Shehu Usmanu, da Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello suka shimfiɗa sharuɗɗan naɗa ma'aikaci: cancanta, amana, shawara, da ƙin ba da muƙami ga mai kwaɗayinsa.

Hausawan Sudan, daga Mai Wurno zuwa ƙauyukan Dindir, suna da kaso a wannan gado, domin kakannin da yawansu sun baro Daular ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk jami'ar da za ta ɗauki malamin ilmin gudanarwa a yau, can ko nan, ta auna shi da waɗancan sharuɗɗa kafin ta duba takardunsa, don ɗalibansa ne za su riƙe baitulmalin jama'a gobe.