Tsakanin Kara-Kara da Kutukale

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Damagaram, na ji yara suna kiran wani ɗan ajina "Kutukale". Yaron bai wuce shekara 12 ba, ɗan unguwar Kara-Kara ne. Na ɗauka tsokana ce, ashe shi ya raɗa wa kansa sunan, har ya rubuta shi a bangon littafinsa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Mushe, ai can ake kai maza." Wannan amsa ce ta sa na zauna na bi tarihin gidan kaso a ƙasarmu, don in gane yadda wurin horo ya zama abin taƙama a bakin yaro.

A zamanin sarakunan Damagaram, irin su Tanimun da ya ƙarfafa ganuwar Birni, hukunci yana hannun sarki da alƙalai, dogarai kuma su ne masu kamu. Akan tsare mutum, amma galibi kafin a yanke masa hukunci ne: bulala, ko tara, ko kora daga gari, ko abin da ya fi haka. Zaman shekara da shekaru a ɗaki a matsayin hukunci, Nasara ne suka yaɗa shi. Bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, Faransawa suka ci Damagaram a 1899, garin ya zama hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926 da suka mayar da ita Yamai. A ƙarƙashin dokarsu ta 'yan ƙasa, kumandan yana iya kulle talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba, saboda haraji ko ƙin aikin tilas. Sai a 1946 aka soke wannan doka. Ita kanta kalmar "kaso" daga bakinsu muka are ta. Ke nan tun farko talaka ya san kaso a matsayin sandar mai mulki, bai san shi a matsayin wurin gyaran hali ba.

Kutukale ita ce gidan kaso mafi tsaro a Nijar, tana kimanin kilomita 50 daga Yamai ta wajen Tilaberi. Aikinta shi ne riƙe waɗanda hukuma ke ganin gidajen kaso na gari ba za su iya da su ba. Amma ta riƙe 'yan siyasa ma: can aka kai tsohon firaminista Hama Amadu a watan Yunin 2008, bai fito ba sai a 2009. Da fitinar 'yan bindiga ta tsananta a iyakokinmu da Mali da Najeriya, sai ta zama matattarar waɗanda ake tuhuma da ta'addanci. An kai mata hari a Oktoban 2016, aka sake kai wani a Mayun 2019, duk jami'an tsaro suka kore su. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuwa fursunoni suka yi bore, wasu suka tsere, har aka sa dokar hana fita a yankin Tilaberi.

Ba na cikin masu cewa ƙasa ba ta bukatar irin wannan gida. Wanda ya ƙone ƙauye ya kashe bayin Allah, dole a sami katangar da za ta raba shi da jama'a. Abin da ke damuna shi ne wata katangar da ba a gani, wadda mu da kanmu muka gina a nan gida.

Kara-Kara ta samo asali ne a matsayin wurin da aka keɓe kutare, can gefen gari cikin duwatsu, sannan makafi da guragu da sauran waɗanda gari ya ƙi suka bi su. Ba alƙalin da ya yanke musu hukunci, ba ranar fita. Yau kuturta tana warkewa, tun 1995 ma kyauta ake ba da maganinta a duniya, amma tabon sunan bai warke ba. Jikokinsu lafiyayyu ne, duk da haka idan yaro ya ce daga Kara-Kara yake, sai ka ga fuska ta sauya. Da yawa sun taso ba takardar haihuwa, ba ta yadda za su zauna jarrabawa. Abin da ya rage musu shi ne fasa dutse, da sayar da man fetur na sumoga, da zaman 'yan pale, inda ƙarfin damtse ne ke ba mutum daraja. Lokacin tarzomar Janairun 2015, da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, kowa ya nuna su da yatsa. Kaɗan ne suka tambayi inda muke lokacin da suke tasowa. Sai a 2021 'yar garin nan Aisha Maki ta fito da fim ɗinta mai suna Zinder, duniya ta ga fuskokinsu, mu ma da muke maƙwabtansu muka gani.

To, yaron da aka haifa cikin kaso marar ƙofa, da me za ka tsorata shi? Shi ya sa ɗan ajina ya ga Kutukale a matsayin ƙarin girma. Aƙalla a can, a tunaninsa, hukuma ta san sunanka.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na je gidansu, na zauna a tabarmarsu, na sha ruwansu. Kakarsa ta yi ta mamaki, ta ce, "Malam, kai ne na farko da ya shigo nan ba da ƙara ba." Muka bi sawun takardar haihuwarsa har aka samu, na kuma ɗora masa riƙon allin aji da rajista. Ban san yadda ƙarshensa zai kasance ba, amma kafin shekara ta ƙare ya goge sunan nan daga littafinsa.

'Yan'uwana malamai, mu duba bencin baya, mu ga 'ya'yan wace unguwa muka tara a can. Iyaye kuma, mu daina hana 'ya'yanmu cin abinci kwano ɗaya da ɗan Kara-Kara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsaron katangar Kutukale aikin soja ne, amma rage masu tafiya can aikinmu ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a.