Su Wane ne Mutanen Allah? Nazarin Sura ta 7 ta Wahayin Yahaya daga Mahangar Hausawan Yawunde

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayar da ta daɗe tana raba kan masu fassarar littafin Wahayin Yahaya, wato na ƙarshe a Sabon Alkawari: su wane ne mutum 144,000 da aka buga wa hatimi, kuma mene ne haɗinsu da babban taron da ba ya ƙirguwa? An bi hanyar nazarin matani, aka gwama shi da tarihin fassara, sannan aka auna sakamakon da rayuwar unguwannin Tsinga da Briqueterie a Yawunde da kuma tarihin Isawa na ƙasar Kano da Zazzau. Matsayin maƙalar shi ne jama'a ɗaya ce aka nuna ta fuska biyu, kuma abin da ya tara ta shi ne biyayya, ba tare da an shafe harshen kowa ko ƙabilarsa ba.

1.0 Gabatarwa

A Yawunde, babban birnin Kamaru, unguwar Briqueterie, wadda Ewondo 'yan ƙasa ke kira Ekoudou, ta yi suna da Hausawa tun zamanin Turawa. Jikokin fatake ne da suka gangaro ta hanyar Adamawa, kuma har gobe unguwar cike take da teloli da 'yan tsire da masu sayar da yadi. A bakin mutumin kudancin Kamaru, duk wanda ya sa babbar riga da hula ya nufi masallaci Bahaushe ne, ko da kuwa Bafulatani ne ko Babarbare. Sunan ƙabila ya zama sunan addini. Tafiya kaɗan daga nan, a Tsinga, akwai babbar cibiyar Musulunci da Saudiyya ta gina, akwai kuma majami'ar Katolika ta Christ-Roi. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan yadda asali da imani ke sarƙewa, domin kullum da shi yake kwana yake tashi.

Wannan sarƙewar ce a tsakiyar sura ta 7 ta Wahayin Yahaya. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙarni na 2, ya ce an ga wahayin a ƙarshen mulkin Sarkin Rum Domitiyan, wajen shekara ta 95. Marubucin yana tsibirin Fatmos, yana aika wa ikilisiyoyi bakwai na yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, ƙananan jama'u da ke zaune cikin biranen da ake yi wa sarki sujada.

2.0 Abin da ke cikin matanin

Surar ta kasu gida biyu. A ayoyi 4 zuwa 8, Yahaya ya ji adadin waɗanda aka buga wa hatimi a goshi: 144,000, wato 12,000 daga kowace ƙabila cikin ƙabilun Isra'ila goma sha biyu. Daga aya ta 9 kuma sai ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da ƙabila da jama'a da harshe, sanye da fararen riguna, riƙe da rassan dabino.

Jerin ƙabilun kansa abin a tsaya ne, domin bai yi daidai da kowane jeri na Tsohon Alkawari ba. Yahuza ne a gaba, alhali Ra'ubainu ne ɗan fari. An sa Lawi, wanda a Littafin Ƙidaya aka ware shi daga ƙidayar mayaƙa. An ambaci Yusufu da ɗansa Manassa, amma ba a ambaci Ifraimu ba. Ƙabilar Dan kuwa babu ita sam. Ireniyus ya ce an cire Dan ne saboda daga cikinta magabcin Almasihu zai fito. Wasu masanan sun danganta abin da bautar gumaka da Littafin Mahukunta sura ta 18 ya jingina wa ƙabilar. Ko wanne aka ɗauka, marubucin da ya san Attaura kamar tafin hannunsa bai yi wannan sauyi da kuskure ba. Ga shi kuma Assuriyawa sun riga sun tarwatsa ƙabilun arewa tun shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fiye da shekara 800 kafin a rubuta littafin.

3.0 Inda masu fassara suka rabu

Saɓanin tsoho ne. Biktorinus na Fetau, mai sharhin Latin mafi daɗewa kan littafin, ya ɗauka mutum 144,000 ɗin Yahudawa ne da za su ba da gaskiya a ƙarshen zamani. Orijin na Iskandariyya, a farkon sharhinsa na Bisharar Yahaya, ya ce adadin ya haɗa da waɗanda ba Yahudawa ba. Tikoniyus, malamin Arewacin Afirka a ƙarni na 4, ya karanta hotunan littafin a matsayin labarin ikilisiya baki ɗaya, kuma ta hannun Agustin ra'ayinsa ya mamaye Turai ƙarnuka masu yawa.

A ƙarni na 19, John Nelson Darby ya raba Isra'ila da ikilisiya gida biyu, kowanne da nasa alkawari da nasa zamani. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya watsa wannan koyarwa, kuma ta yi ƙarfi a cikin da'irar da mishan irin su SIM, wadda aka kafa a 1893, suka ɗebo ma'aikatansu. A wannan fahimta, mutum 144,000 Yahudawa ne na jini waɗanda za a keɓe a lokacin babban tsanani. Shaidun Jehobah sun bi wata hanya dabam: adadin a wurinsu na zahiri ne, su ne kaɗai masu zuwa sama, amma ƙabilun misali ne, kuma tun 1935 suke koyar da cewa babban taron wani rukuni ne da zai gaji duniya. Wannan ba zancen littafi kawai ba ne a Kamaru, inda gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta haramta ƙungiyar a 1970, ba a ɗage haramcin ba sai 1993. Masu kiyaye Asabar, waɗanda suka kafu a Nanga-Eboko tun 1926, sun danganta hatimin da kiyaye ranar Asabar.

Abin lura shi ne kusan kowace ƙungiya da ta ƙirga mutanen Allah ta sami kanta, ko waɗanda take so, a cikin adadin.

4.0 Ji da gani

Hujja mafi ƙarfi tana cikin salon marubucin. A sura ta 5, an gaya wa Yahaya cewa Zakin ƙabilar Yahuza ya yi nasara. Da ya duba, sai ya ga Ɗan Rago kamar an yanka shi. Babu mai fassara, a cikin duk ɓangarorin da aka ambata, da ya ce zakin dabam ne, ragon dabam. Abin da aka ji ya zo da kalmomin tsohon fata na Yahudawa, na sarki mayaƙi daga gidan Dawuda, abin da aka gani kuma ya bayyana yadda fatan ya cika. Sura ta 7 ta bi wannan sawu ƙafa da ƙafa: ya ji adadi, ya ga taro. Wanda ya yarda da haɗin a sura ta 5, nauyi yana kansa ya kawo dalilin ƙinsa a sura ta 7.

Richard Bauckham, a littafinsa *The Climax of Prophecy* na 1993, ya ƙara haske a nan. Ya nuna cewa a Tsohon Alkawari ƙidaya ta ƙabila-ƙabila shirin yaƙi ce, kamar ta Littafin Ƙidaya sura ta 1, inda aka ƙirga maza daga shekara 20 zuwa sama. Wannan ya warware kullin da ke sura ta 14, inda aka ce mutum 144,000 ɗin ba su kusanci mata ba: ƙa'idar tsarkin mayaƙa ce a sansani, irin wadda Dawuda ya ambata a 1 Sama'ila 21. Runduna ce ke nan, Yahuza a gaba domin daga gidansa jagoran ya fito. Amma da aka ɗaga labule, sai ga rundunar ba takobi, nasararta ita ce ta riƙe shaida har mutuwa.

Sai batun hatimin. Aya ta 3 ta sura ta 7 ta ce bayin Allah ne za a buga wa, ba ta ce wasu daga cikinsu ba. A sura ta 9 aya ta 4, farin azaba sun sami iznin cutar duk wanda ba shi da hatimin. In da Yahudawa 144,000 ne kaɗai ke da shi, da sauran masu bi duk sun shiga hannun azabar. A sura ta 3 aya ta 12 an yi wa masu nasara na Filadelfiya alkawarin rubuta musu sunan Allah, a sura ta 22 kuma sunan yana goshin bayinsa duka. Bahaushe ya san tsagar gado, wadda ke nuna Bagobiri ko Bakabe tun kafin ya buɗe baki. Bambancin shi ne wanzami yana yi wa jariri tsaga bai san abin da ake ciki ba, hatimin nan kuwa ana samun sa ne bayan an zaɓi wanda za a bi, kuma kishiyarsa a littafin ita ce alamar dabbar da aka ambata a sura ta 13.

Dole a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Marubucin ya ɓata ayoyi huɗu yana jera sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yin haka ga abin da ake shirin jefarwa. Tarihi ya kuma nuna irin ɓarnar da aka yi wa Yahudawa da kalmomin sura ta 2 aya ta 9 da sura ta 3 aya ta 9, alhali rikici ne na cikin gida, a lokacin da masu bin Almasihu da majami'un Yahudawa ba su gama rabuwa ba. Saboda haka maƙalar nan ba ta goyi bayan masu cewa an kori Isra'ila an ba wasu kujerarta ba. A sura ta 21, sunayen ƙabilun goma sha biyu suna kan ƙofofin sabuwar Urushalima, sunayen manzanni goma sha biyu suna kan harsashinta, tsawon birnin ma'auni 12,000, garunsa kamu 144. Lissafin sura ta 7 ne ya dawo a matsayin gini. Al'ummai suna shiga birnin ta ƙofofin da ke ɗauke da sunan Isra'ila, sarakunansu kuma suna shigo da darajarsu.

5.0 Isawa da sunan Bani Isra'ila

Ƙasar Hausa tana da nata misali na mutanen da suka ɗauki wannan suna ba da hujjar jini ba. A tsakiyar ƙarni na 19, wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya shiga fifita matsayin Annabi Isa (AS) bisa abin da ya karanta a Alƙur'ani, yana jiran dawowarsa. An kashe shi a kasuwar Kano a wajajen 1867, almajiransa suka watsu zuwa ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da duwatsun Ningi. Jama'a suka kira su Isawa, su kuma suka kira kansu Bani Isra'ila. A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka shiga cikin jama'ar da ta koma Wusasa a 1929. Ian Linden ya rubuta tarihinsu a wani babi da ya fito a 1982.

Isawa ba daga Wahayin Yahaya suka samo sunan ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Darajar misalin a nan ita ce ya nuna cewa malamai Hausawa, ba tare da wani Bature ya koya musu ba, sun fahimci Isra'ila a matsayin sunan jama'ar da ta riƙe alkawari cikin tsanani. Ba su daina jin Hausa ba, ba su ƙirƙiro wa kansu salsala daga Yakubu ba. Wannan ya fi kusa da tunanin Yahaya na Fatmos fiye da rabe-raben zamanai na Scofield.

6.0 Komawa Tsinga

A Yawunde ne Fafaroma John Paul na II ya sa hannu kan takardar *Ecclesia in Africa* ranar 14 ga Satumba, 1995, wadda ta ɗauki hoton iyalin Allah a matsayin siffar ikilisiya a Afirka, ta kuma yi gargaɗi game da ƙabilanci. Gargaɗin yana kan hanya, domin iyali yana da ƙofa, kuma a birnin da majami'u da yawa suka taru bisa harshen ƙauyen da aka fito, ƙofar takan ƙuntata. Wahayin Yahaya ya maimaita jerin nan na ƙabila da harshe da jama'a da al'umma sau bakwai. Mai karatu a Briqueterie zai ga abu biyu a ciki: harshensa yana da wuri a gaban kursiyin Allah, kuma harshen nan bai isa ya zama shaidar shiga ba. Kirista Bahaushe, wanda maƙwabtansa na kudu ke yi wa kallon abin mamaki, 'yan'uwansa kuma ke ganin ya bar gida, yana da ƙafar tsayawa a sura ta 7. Musulmi mai nazarin addinai ma zai gane zancen, tunda Suratul Hujurat aya ta 13 ta yi maganar al'ummai da ƙabilu, ta kuma ɗora fifiko kan taƙawa, duk da cewa addinan biyu sun saɓa a kan wanda ake bi.

Hukuncin wannan nazari shi ne raba mutum 144,000 da babban taron ba shi da madogara a salon littafin, kuma duk koyarwar da ta mai da adadin rajistar wata ƙungiya ta ɗora wa matanin abin da bai faɗa ba. Ana kira ga malaman tauhidi na Jami'ar Furotesta ta Afirka ta Tsakiya da na Jami'ar Katolika da ke Yawunde, da masu wa'azi da Hausa a Kamaru da Nijeriya da Nijar, su daina koyar da aya ta 4 ta sura ta 7 ba tare da aya ta 9 ba, su kuma tura ɗalibansu Wusasa su naɗi abin da zuriyar Isawa ke riƙe da shi na baka tun dattawan suna raye.